Barewa: Aji, Fili da Alƙalami

Yau Zariya muka nufa, can kan Titin Gaskiya, inda Kwalejin Barewa take.

Da an ambaci Barewa, sai a kama ƙirga. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Janar Yakubu Gowon, Janar Murtala Muhammed, Alhaji Shehu Shagari, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa: mutum biyar da suka riƙe Nijeriya, duk sun zauna a kan bencin makarantar gwamnati guda. A ƙara da Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Wannan ƙirga kowa ya iya shi, har ya zama kamar karatun fatiha a wajen taron tsofaffin ɗalibai. Mu kuwa abin da muke son bi a yau shi ne wunin yaron da ke wannan makaranta. Daga asuba zuwa lokacin kashe fitila, me yake yi? Domin sa'o'in aji ba su kai rabin wuninsa ba, sauran kuwa ba a bar shi ya yi ta gararamba ba.

Bari mu koma tushe. A Katsina aka haifi makarantar, a shekarar 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a 1922. Ginin ƙasa ne da azara, irin na magina Katsinawa, yana nan tsaye har gobe, shi ne gidan adana kayan tarihi na Katsina a yanzu. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, a 1949 ta sauka Zariya, sunan Barewa kuwa sai a 1971 aka raɗa mata shi. Saboda haka in ka ji an ce wane ya yi Kwalejin Katsina, wane ya yi Kwalejin Kaduna, wane kuma Kwalejin Gwamnati ta Zariya, duk uwa ɗaya ce ta goye su.

Turawan mulki ba su ɓoye nufinsu ba. Malamai suke so, 'yan ƙasa, Musulmi, waɗanda za su koma lardunansu su koyar a makarantun En'e ba tare da an ɗauko malami daga Kudu ba. Don haka aka riƙa tsamo yara ƙalilan daga kowane lardi, daga Sakkwato, Barno, Kano, Bauci, Adamawa, Ilori, a ajiye su shekara biyar. Ahmadu Raɓa, wato Sardauna, ya shiga a 1926 ya fita a 1931. Abubakar Imam ya shiga a 1927. Abubakar na Tafawa Ɓalewa ya biyo baya a 1928. Dukansu da alli suka fara neman abinci: ɗaya a Midil ta Sakkwato, ɗaya a Midil ta Katsina, ɗaya a Midil ta Bauci.

A aji, abin da aka fi sanin Kwalejin Katsina da shi shi ne Turanci, musamman furuci. Sai an tsare yaro a kan harafi ɗaya har ya fito da shi yadda malami ke so. Wanda ya taɓa jin tsohon faifan jawabin Tafawa Ɓalewa ya san abin da nake faɗa. Muryar da ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, Allah ne ya ba shi ita, amma a wannan aji aka wasa ta. Ba a kuma yar da Larabci da addini ba. Malam Bello Kagara da Malam Nagwamatse suna nan suna riƙe da wannan ɓangare, abin da ya kwantar wa iyaye da sarakuna hankali a zamanin da ake yi wa boko kallon hanyar ɓata. Daga baya, da makarantar ta zama sakandare sosai, kimiyya da lissafi suka samu gindin zama. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, a nan ya yi. Haka ma Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya.

[Kiɗa kaɗan]

To, an yi sallar la'asar, rana ta yi sanyi. A nan ne rabin labarin yake.

Wasa a wannan makaranta dole ne, kamar yadda shiga aji yake dole. Akwai kurket, akwai hoki, akwai ƙwallon ƙafa da guje-guje da tsalle-tsalle. Amma wasan da ya zama tambarin Katsina shi ne wanda Turawa ke kira Fives, mu kuwa bari mu ce masa ƙwallon bango. Asalinsa daga makarantar Eton ne ta Ingila, inda 'ya'yan manya ke karatu. Yaran can ne suka ƙirƙiro shi, suna buga ƙwallo a jikin bangon majami'ar makarantarsu, tsakanin ginshiƙai biyu. Shi ya sa har yau filin wasan yake da siffa mai ban mamaki: bango uku, gaba da dama da hagu, da 'yar matakala a tsakiya, da wani guntun gini da ya turo kai daga bangon hagu. Mutum biyu ke karawa da biyu, da tafin hannu ake bugu, hagu da dama duk sai ka iya. Ƙwallo kuwa in ta doki wannan guntun gini, ba wanda ya san inda za ta nufa. Kuma a al'adar wasan ba alƙali. 'Yan wasa su ke yi wa kansu hukunci. In ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu kafin ka kai mata, kai za ka faɗa da bakinka, ko da ba wanda ya gani.

Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya kawo wasan Arewa a shekarun 1920, a Birnin Kabi da Katsina. Sai dai ƙwallon Ingila tauri gare ta, bangon ƙasa kuwa ba ya jure mata, saboda haka aka koma amfani da ƙwallon tanis, kuma da ita ake bugawa a Nijeriya har yanzu. Ku duba ikon Allah: wasan da a ƙasarsa ta asali bai cika fita daga makarantun masu hannu da shuni ba, a nan ya zama wasan gari, ana gina masa fili a unguwa, jama'a su yi dafifi suna kallo. Sardauna na da hannu dumu-dumu a wannan. Ya ƙware a wasan tun yana ɗalibi, bai kuma bar shi ba har yana Firimiya; ya yi maganarsa a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962, kuma har yau akwai kofin ƙwallon bango da ake gasa a kansa da sunansa.

Me ya sa Turawa suka dage a kan wasa haka? Irin tarbiyyar da aka yi musu ke nan a gida. A ganinsu, a fili ake koyon biyayya ga shugaba, da haƙuri in an sha kaye, da riƙe amana in an ba ka ragamar 'yan'uwanka. Ma'aikata masu ladabi suke son samu, ba shakka, kuma ba don Allah kaɗai suka yi ba. Amma akwai wata riba da ta faɗo wa Arewa daga gefe. Ɗan Barno da ɗan Sakkwato, waɗanda kakanninsu suka yi wa juna kallon hadarin kaji, sai ga su a ƙungiya ɗaya, ɗaya na ba ɗaya ƙwallo. Ɗan sarki ya yi kuskure, ɗan malami ya daka masa tsawa, ba wanda ya ce uffan, domin a fili kyaftin ne sarki. Da aka zo kafa gwamnatin Jihar Arewa a shekarun 1950, yawancin waɗanda suka zauna a teburin, irin su Sa Kashim Ibrahim, Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita, sun riga sun san halin juna tun daga Katsina. Sun san mai zafin rai, sun san mai sanyin hali, sun san wanda in wasa ya yi tsanani yake neman hanyar zamewa.

Zamanin Zariya ma haka abin ya ci gaba. Yakubu Gowon, yaron Wusasa, da ya shiga a 1950, shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙafa, yana tsallen gora, yana dogon gudu, yana dambe. Irin waɗannan yara ne soja ke zuwa zawarci, shi ya sa farkon hafsoshin Arewa da yawa daga nan suka fito: Zakariya Maimalari, Abogo Largema, Yakubu Pam, daga baya Hassan Usman Katsina da Murtala. A daren juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, makarantar ta yi rashin da babu makarantar da ta taɓa yin irinsa a ƙasar nan. Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, da Firimiya, da su Maimalari da Largema da Pam da aka kashe a ranar, duk tsofaffin ɗalibanta ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ginshiƙin duk wannan harka shi ne tsarin gidaje. Kowane yaro yana da gidan kwanansa, kowane gida yana da shugabansa daga cikin ɗalibai da malamin da ke kula da shi, kuma gida da gida ake gasa, a gudu, a ƙwallo, a tsafta. Sunayen gidajen kansu tarihi ne: akwai Lugard, akwai Clifford, akwai Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, akwai kuma Bello Kagara, Nagwamatse, Ja'afaru da Sulaimanu Barau. Tsohon ɗalibi mai furfura, in ya haɗu da ɗan'uwansa, kafin ya tambaye shi shekarar da ya gama, gidansa zai fara tambaya.

[Kiɗa kaɗan]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, shirin musamman ne a kan Kwalejin Barewa. Mun leƙa aji, mun zagaya fili. Saura na uku, wanda ni a ganina shi ne ya fi ban sha'awa, domin shi ne ya kuɓuce wa Turawa daga hannu.

A 1933, Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan gasa, su ne kuma harsashin ƙagaggen labari na Hausa: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Aƙalla uku daga ciki na mutanen Kwalejin Katsina ne. Ganɗoki na malaminsu ne, Bello Kagara. Ruwan Bagaja na ƙanensa ne, Abubakar Imam, wanda bai daɗe da gama kwalejin ba. Shaihu Umar kuwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. A lura da wannan da kyau. Makarantar da aka sani da tsananin Turanci, ita ce ta fitar da mutanen da suka ɗora rubutun Hausa a kan ƙafafunsa. Imam ya zo ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Mai cewa in yaro ya riƙe harshen uwa Turancinsa zai lalace, sai ya yi mana bayanin waɗannan mutane.

Sannan ga Malam Aminu Kano. Ya shiga kwalejin a 1937, ya gama a Kaduna a 1942. Tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo, abokansa su hau dandali su yi. Me ke cikin wasannin? Cutar da ake yi wa baƙauye a kasuwar birni, da danniyar masu riƙe da ƙasa, da wahalar talaka a gaban hukuma. Maganar da ba ta faɗuwa a gaban hakimi, sai ga ta a bakin yaro ya naɗa rawanin aro, jama'a na ta dariya. Wanda ya san yadda jam'iyyar NEPU ta yi siyasarta bayan kafa ta a 1950, da waƙa da habaici da ba'a, zai gane a ina jagoranta ya fara gwajin makaminsa. Malam Sa'adu Zungur ma ɗan wannan kwaleji ne kafin ya wuce Kwalejin Yaba, kuma waƙoƙinsa na siyasa sun girgiza Arewa. Shehu Shagari, da ya yi Kaduna daga 1941 zuwa 1944, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato, amma da Waƙar Nijeriya yara da yawa suka fara sanin sunansa.

Abin dariya, abin kuma tunani: a Bauci, a farkon shekarun 1940, Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano suna koyarwa a makaranta ɗaya, Sa'adu Zungur yana gari, suna haɗuwa a dandalin muhawara suna yi wa mulkin En'e tankaɗe da rairaya. Daga baya ɗaya ya zama jigon NPC, biyu suka zama jigogin NEPU. Gwamnati da 'yan hamayyarta, duk tukunya ɗaya ta dafa su. Tukunyar kuwa a kan duwatsun murhu uku take zaune, aji da fili da alƙalami, kuma kowace uwargida ta san abin da ke faruwa in an zare ɗaya.

Kada dai mu yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. Makarantar ta 'yan ƙalilan ce, yawancinsu 'ya'yan sarauta da na manyan malamai, a yankin da ke da miliyoyin mutane. Ta maza ce zalla. Sai a 1956 aka buɗe sakandaren 'yan mata ta Sarauniya Elizabeth a Ilori. Riƙe yara kaɗan da kyau ba wuya ba ne in baitulmalin lardi guda na bayansu. Gwamnatocin yau kuwa dubban ɗaruruwa suke ɗauke da su, maza da mata, kuma wannan ci gaba ne, ba mai musu.

Amma ku zo mu leƙa sakandaren gwamnati ta unguwa, kowace ce, ba sai mun kama suna ba. Ɗalibai sun yi yawa, an raba su 'yan safe da 'yan rana. 'Yan safe na tashi, 'yan rana na shiga, ke nan la'asar ɗin da ake wasa a cikinta ta zama lokacin darasi. Filin ƙwallo, in bai zama sabbin ajujuwa ba, to an yanka gefensa an yi shaguna, ko kuwa ya zama hanyar 'yan acaɓa. Malamin motsa jiki, in akwai shi, an ba shi wani darasi ya cike gurbi. Ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta muhawara sai ranar da babban baƙo zai zo ake tuna su. Gasar gidaje ta koma bikin yini ɗaya a shekara: a yi fareti, a karɓi gudummawar mai kuɗin unguwa, a ba shi kofi ya riƙe a ɗauki hoto, yaran da ba su yi atisaye ko na mako biyu ba su yi gudu su faɗi. Komai ya tattara a kan WAEC da NECO da JAMB. Makarantun kuɗi da yawa ma ba su tsira ba, don a gidan haya suke, tsakar gidan ko motar mai makaranta ba ta ɗauka.

Rashin tsaro ya zo ya ƙara wa Barno dawaki. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana na karkara ko sun mai da su jeka-ka-dawo. Ba wanda zai zargi uban da ya ce ɗansa ya kwana a gabansa. Sai dai makarantar kwana ita ce mai yamma da dare, lokacin fili da lokacin dandali. Da ta tafi, da su ta tafi.

Mu iyaye ma muna da namu kason. Yaro ya dawo da kofin gudu, a ce masa, "Kofi za ka ci?" Yarinya ta ce an sa ta a wasan kwaikwayo, a ce, "Ke dai ki yi karatunki." Alhali a aji mai yara fiye da yadda malami zai iya riƙe sunayensu, na gaba-gaba kaɗai ake gani. Yaron da lissafi ya gagara, wanda yake zaune can baya ba mai kiran sunansa, wataƙila shi ne da an ba shi gida ya tsare, ko an ba shi rawar sarkin fawa a dandali, da makarantar gaba ɗaya ta san shi, da shi ma ya samu dalilin dawowa gobe. In bai samu wannan a makaranta ba, akwai masu jiransa a bakin titi da za su ba shi suna da matsayi, kuma mun san su. Masana'antar fim ta Kano ma, da take ci da dubban mutane a yau, daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta tsiro, irin su Tumbin Giwa da suka yi Turmin Danya a 1990.

Barewa ta cika shekara 100 a 2021, tana hannun Gwamnatin Jihar Kaduna, tana kuma da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai dogon hannu, wadda asalinta ke komawa 1939. Sakandaren ƙauye ba ta da tsohon shugaban ƙasa da za ta kai wa kuka. Sai dai abin da ake bukata bai kai tsadar da ake zato ba. Filin ƙwallon bango na farko a Katsina da ƙasa aka gina shi. Wasan kwaikwayo kuwa tabarma da rawanin aro da malami ɗaya mai sha'awa sun ishe shi. Abin da ya fi wuya shi ne sa'a biyu a jadawali da ba mai taɓa su, da katanga a kewaye filin kafin masu awon filaye su iso, da ɗan alawus ga malamin da zai tsaya bayan an tashi. Waɗannan uku, shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamishinan ilimi ne ke da ikon sa hannu a kansu, kuma zangon karatu mai zuwa bai yi nisa ba.

A nan za mu dasa aya, masu sauraro. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. Mu kwana lafiya.